Gwarzon Wannan Mako: Abebe Bikila, Sojan Da Ya Ci Zinare Ba Takalmi

Duk shekara idan gasar inta-haus ta matso, abu ɗaya muke gani a filin makarantarmu. Gudun mita 100 kowa na so, amma da an kira gudun famfalaki sai a fara kallon-kallo. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka shiga kuwa, sai su tashi a guje kamar an biyo su, kafin zagaye na uku wannan ya riƙe ciki, wancan ya zauna a bakin fili yana haki. Daga nan sai mu ce ai dogon gudu baiwa ce, mu ba a ba mu ba. Wannan ne ya sa mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka zaɓi Abebe Bikila na ƙasar Habasha a matsayin gwarzonmu na wannan mako, domin shi ma abin da aka fi faɗa a kansa ke nan, wai baiwa ce kawai.

An haife shi ranar 7 ga Agusta, 1932, a ƙauyen Jato da ke yankin Shewa. A wannan rana aka yi gudun yada ƙanin wani na gasar Olamfik a birnin Los Anjeles na Amurka, wanda ba wani a ƙauyen da ya san ana yi. Mahaifinsa makiyayi ne. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya suka auka wa Habasha bisa umarnin Musolini, ba su fita ba sai 1941. Ku riƙe wannan a rai, za mu dawo kansa. Da ya tasa yakan buga gena, wani wasan gargajiya na Habasha mai kama da ƙwallon gora. Yana da kimanin shekara 20 ya tafi Adis Ababa, babban birnin ƙasar, ya shiga rundunar sojan da ke tsaron Sarki Haile Selassie.

Abin lura a nan shi ne bai fara gudu gadan-gadan ba sai da ya kai wajen shekara 24, wato ya girmi duk wani ɗalibi da ke karanta wannan allo. A wancan lokacin yakan yi gudu kullum tsakanin tsaunukan Sululta da Adis Ababa, tafiyar kusan kilomita 20. Cikakken gudun yada ƙanin wani kilomita 42 ne da mita 195, rabinsa kuwa kilomita 21 da ɗoriya. Wannan rabin shi ne mutanen da ke gudu don motsa jiki suke ɗaukar watanni suna shiryawa, su fara da ɗan kaɗan suna ƙarawa mako-mako. Abin da suke yi sau ɗaya su yi murna, kusan shi ne abincin Abebe na yau da gobe. Ga kuma wurin da yake gudun: Adis Ababa tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300 daga gaɓar teku. Iskar can ba ta da kauri, don haka jikin mai zama a wurin yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar numfashi. 'Yan ajin kimiyya sun san zancen.

Wanda ya gano shi wani Bature ne ɗan ƙasar Siwidin, Onni Niskanen, da gwamnatin Habasha ta ɗauka aikin horar da 'yan wasa. Shi ya mayar da gudun Abebe abu mai tsari: yau doguwar tafiya, gobe gajeren gudu mai sauri da ake maimaitawa ana ɗan hutawa a tsakani, ana duba agogo. A 1956 Abebe ya zo na biyu a gasar sojojin Habasha, bayan Wami Biratu. Shekara huɗu ya ƙara yana wannan horo kafin duniya ta ji sunansa. A watan Yuli na 1960 ya ci gudun yada ƙanin wani a Adis Ababa, wata guda bayan haka ya sake ci, sai aka sa shi cikin tawagar da za ta je gasar Olamfik a Rum, babban birnin Italiya.

A Rum ne maganar takalmi ta taso. Ya sami sabon takalmin gudu, amma bai zauna masa daidai ba, har ƙafarsa ta yi bororo. Sai ya yanke shawarar ya yi gudun da ƙafarsa yadda ya saba a gida. Muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai kada wani ya karanta wannan ya jefar da kambas ɗinsa gobe. Tafin ƙafar Abebe ya riga ya yi kanta saboda shekaru na tafiya da gudu a ƙasa mai duwatsu. Hasali ma, kuskuren da ya kauce wa shi ne wanda malamin wasanni yake ta jan kunnenmu a kai, wato sa sabon takalmi ranar gasa.

An yi gudun ranar 10 ga Satumba, 1960, makonni uku kafin Najeriya ta sami 'yancin kai. Saboda zafi, da yamma aka fara, aka ƙare da dare. Tun kafin ranar, shi da Niskanen sun bi hanyar sun duba ta. Da tafiya ta yi nisa sai sauran 'yan gudun suka riƙa zubewa baya, aka bar mutum biyu a gaba, Abebe da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko. Duhu ya riske su a tsohuwar hanyar Afiya da Rumawa suka shimfiɗa da duwatsu tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sojojin Italiya sun jeru a gefe riƙe da sandunan wuta suna haska musu. Kusa da ƙarshen hanyar akwai wata doguwar hasumiyar dutse ta garin Aksum, wadda Italiya ta kwaso daga Habasha a 1937 ta kafa a Rum. A gabanta wannan soja na Habasha ya wuce ba takalmi, shekara 25 bayan mamayar ƙasarsa. Dab da ƙarshe ya ƙara wuta ya bar Rhadi, ya isa babbar ƙofar tarihi ta Sarki Kwanstantin da tazarar daƙiƙa 25.

Ya kammala cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, lokacin da ba a taɓa yi ba a duniya, ko da yake da ƙasa da daƙiƙa guda ya zarce na Sergei Popov ɗan Tarayyar Sobiyet. Mun zauna mun yi lissafi. Kowace kilomita ta ɗauke shi kimanin minti 3 da daƙiƙa 12. A fili mai zagayen mita 400, wannan zagaye 105 ne da rabi, kowanne cikin daƙiƙa 77. Duk mai shakka ya ari agogo ya gwada zagaye ɗaya rak a haka. Mai gudun motsa jiki kuwa yakan yi sa'a biyu ko fiye kafin ya gama rabin wannan tafiya. Da wannan nasara Abebe ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci lambar zinare a gasar Olamfik. Sarki ya ƙara masa girma zuwa kofur.

Daɗin bai daɗe ba. A watan Disamba na shekarar, rundunar da yake ciki ta yi yunƙurin juyin mulki lokacin da sarki yake ziyara a Barazil. Yunƙurin bai yi nasara ba, an kama Abebe an yi masa tambayoyi, aka sake shi. Ya koma fili, a 1961 ya ci gasa a Atina ta Girka da Osaka ta Jafan. A 1963 ya je Boston ya zo na biyar, don kada a zaci bai taɓa shan kaye ba.

A ganinmu, abin da ya yi a Tokiyo a 1964 ya fi na Rum ban mamaki, sai dai ba a cika ba da labarinsa ba saboda da takalmi ya yi. Ranar 16 ga Satumba aka yi masa tiyatar afendis. Ranar 21 ga Oktoba, kwana 35 bayan aikin, ya tsaya a layin tashi sanye da takalmin Puma. Tun kafin a yi rabin hanya ya bar kowa. Ya gama cikin sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya sake kafa sabon tarihi na duniya. Yana tsallake layi sai ya koma kan ciyawa ya hau motsa jiki, yana miƙe ƙafafu, yana taɓa yatsun ƙafa, 'yan kallo suna ta shewa. Sai da aka yi fiye da minti huɗu kafin na biyu, Basil Heatley na Birtaniya, ya iso. Kafin Abebe ba wanda ya taɓa cin wannan gudu sau biyu a Olamfik. Masu cewa sirrin yana cikin rashin takalmi, ga amsarsu. An mai da shi laftanar, aka kuma ba shi mota ƙirar Volkswagen.

A Meziko a 1968 ya nemi na uku, amma da rauni a ƙashin ƙafarsa ya shiga. Wajen kilomita 16 zuwa 17 ya fita daga gudun. Ɗan ƙasarsa Mamo Wolde ne ya ci, zinaren ya koma Habasha karo na uku a jere.

Ranar 22 ga Maris, 1969, yana tuƙa motarsa da dare ya yi haɗari. Ya sami rauni a lakar baya, ya shanye. An kai shi asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, ya yi wata takwas yana jinya. Hannuwansa sun dawo aiki, ƙafafun da suka sa duniya ta san shi kuwa ba su sake takawa ba. Yana kan keken guragu ya fara koyon wasu wasanni daga farko, kamar kowane sabon shiga. A 1970 ya shiga gasar harbin kibiya da ƙwallon tebur ta naƙasassu a Ingila. A 1971 aka gayyace shi ƙasar Norwe, ya shiga tseren keken kan ƙanƙara na naƙasassu, ya kuma zo na ɗaya. Da ya halarci Olamfik ta 1972 a Munik ta Jamus a matsayin baƙo na musamman, jama'ar filin sun miƙe tsaye suna tafa masa.

Ya mutu ranar 25 ga Oktoba, 1973, a Adis Ababa, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa da ke da nasaba da haɗarin nan. Shekararsa 41. Dubban mutane sun halarci jana'izarsa, har da Sarki Haile Selassie, aka binne shi a maƙabartar cocin Yusufu Mai Tsarki. Akwai filin wasa mai sunansa a Adis Ababa. Hasumiyar Aksum da ya wuce a daren nan, Italiya ta mayar wa Habasha ita a 2005. A 2010 kuma, da ake cika shekara 50 da nasarar Rum, wani ɗan Habasha mai suna Siraj Gena yana kan gaba a gudun yada ƙanin wani na birnin, sai ya tsaya dab da ƙarshe ya cire takalmansa, ya ƙarasa ba takalmi, kuma shi ya zo na ɗaya.