Likita Archie Cochrane (1909–1988)

An haifi Archie Cochrane a Galashiels ta ƙasar Sikotilan a 1909. Yana likitan soja Jamusawa suka kama shi a 1941. A sansanin Salonika kumburi ya addabi fursunoni, sai ya ware mutum 20, ya ba rabinsu yis. Waɗannan ne suka sami sauƙi. Nan ne, a ganina, tushen aƙidarsa.

A 1979 ya soki likitoci saboda ba su tattara sakamakon gwaje-gwajen magunguna wuri guda suna sabunta shi a kai a kai ba, alhali majiyyata na shan maganin da ba a tabbatar da amfaninsa ba. Ya rasu a 1988. A 1993 aka kafa ƙungiya da sunansa domin wannan aiki.