Michael Faraday, ɗan maƙerin da ya ƙi tara dukiya

Ɗan'uwana mai sauraro, in kana zaune a Adjamé ko Treichville, ka san rumfar masu cajin batir. Direban gbaka ya kawo batirinsa da ya mutu, yaron shago ya buɗe murafe shida yana leƙa ruwan da ke ciki, yana kaffa-kaffa kada ya ɗiga masa a riga, don in ya ɗiga sai ya huda ta. Wataƙila rediyon da kake jin mu da shi ma batir ne ke riƙe da shi. Yau zan ba ka labarin wani bawan Allah da ya auna yadda lantarki ke aiki a cikin irin wannan ruwa.

An haifi Michael Faraday a ran 22 ga Satumba 1791 a gefen birnin Landan, ƙasar Ingila. Mahaifinsa maƙeri ne mai yawan rashin lafiya. Akwai lokacin da burodi ɗaya ne rabon yaron na mako guda. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wurin George Riebau. Littafin da aka kawo ɗinki sai ya karanta shi tukuna.

A 1812 ya ɗauki sisin kwabo guda bakwai na tagulla, da fallen tutiya bakwai, ya jera su yana sa takarda jiƙaƙƙiya da ruwan gishiri a tsakani. Ga batir ya samu, irin wanda Alessandro Volta na Italiya ya ƙirƙiro a 1800. A wannan shekara ya saurari laccocin babban masani Humphry Davy, ya rubuta su, ya ɗinke su littafi, ya aika masa. Davy ya ɗauke shi mataimaki a Royal Institution a 1813. Da suka tafi rangadin Turai, matar Davy ta mai da shi kamar baran gida, ba ya cin abinci tare da su. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya yi tunanin komawa sana'arsa ta dā, amma ya daure.

Mu koma rumfar mai caji. Ruwan batir asid ne mai ƙarfi da aka gauraya da ruwa. Tsamiya da lemun tsami su ma suna da asid, amma nasu mai rauni ne. Ga bambancin: mai ƙarfi in ya shiga ruwa, kusan dukan ƙwayoyinsa suna rabuwa su zama ƙananan gutsattsari masu ɗauke da caji, na tsamiya kuwa kaɗan ne ke rabuwa. Waɗannan gutsattsari ne ke ɗaukar lantarki su ratsa ruwa daga wannan farantin dalma zuwa wancan. Kowane ɗaki na batirin mota yana ba da wajen volt 2, shida suka zama 12. Girman ɗakin ba ya ƙara volt, irin ƙarfen da irin ruwan ne ke yanke shi.

Faraday ne ya raɗa wa gutsattsarin suna ayon, wato matafiya a harshen Girka, da shawarar abokinsa William Whewell. A 1833 da 1834 ya nuna cewa abin yana da ma'auni: in ka ninka lantarkin da ka tura cikin ruwa, yawan ƙarfen da zai taru a faranti shi ma zai ninku. Ba ragi, ba ƙari. Amma bai gane kome duka ba. Shi a zatonsa lantarki ne ke farfasa ƙwayoyin. Sai a 1884 wani saurayi ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya kawo bayanin cewa tun suna shiga ruwa suke rabuwa.

A 1821 ya auri Sarah Barnard, bayan wata guda kuma ya shaida bangaskiyarsa a gaban ikilisiyarsu. 'Yar ƙaramar ikilisiya ce da ake kira Sandemaniyawa, ba su da fasto mai albashi, dattawa ne ke wa'azi. Gargaɗin Yesu Almasihu a Matiyu sura 6 game da tara dukiya a duniya, sun ɗauke shi yadda yake. A 1830 masu masana'antu sun biya Faraday fiye da fam 1,000 don shawarwarinsa, kuɗi mai yawa a lokacin. Da ya ga aikin kuɗi yana cinye lokacin bincike, sai ya janye hannu. Abokin aikinsa John Tyndall ya ƙiyasta cewa da ya ci gaba, da ya tara fam 150,000. Ka auna wannan da yaron da ya taɓa yin mako guda a kan burodi ɗaya. Ya san yunwa, ba labarinta ya ji ba.

Ya ƙi sarautar da ake ba manyan Ingila. Ya ƙi shugabancin Royal Society. A lokacin yaƙin Kirimiya gwamnati ta nemi taimakonsa wajen shirya iska mai guba, ya ce ba da shi ba.

Ikilisiyar ma ba ta bar shi ya huta ba. An naɗa shi dattijo a 1840, a 1844 aka fitar da shi daga zumunta na ɗan lokaci. Mutumin da sarakuna ke girmamawa ya dawo ya zauna a benci kamar kowa, sai a 1860 aka sāke naɗa shi. Ni wannan ya fi ba ni mamaki a kan ƙin kuɗin.

Da tsufa ya zo, mantuwa ta kama shi, har yakan maimaita gwajin da ya riga ya yi. Shi da Sarah ba su sami haihuwa ba. A 1858 suka koma gidan da Sarauniya Victoria ta ba su a Hampton Court, a can ya rasu a ran 25 ga Agusta 1867. Ya riga ya ƙi a binne shi a Westminster Abbey tare da manya. An kai shi maƙabartar Highgate, aka kafa dutse mai ɗauke da sunansa da ranar haihuwa da ranar mutuwa. A 1879 aka kwantar da Sarah kusa da shi.