Isaac Fadoyebo: sojan Bama da wani talakan Musulmi ya ɓoye wata tara

Idan aka ce yaƙin Bama, yawancinmu kakanninmu na arewa muke tunawa, mazan jiya da suka dawo da lambobi a ƙirji da Hausar bariki a baka. To, amma akwai wani Bayarabe da ya yi tsufansa a Surulere, nan kusa da Idi-Araba, wanda ya kamata duk mai zaman baƙunta a kudu ya san labarinsa. Sunansa Isaac Fadoyebo.

An haife shi a 1925 a Emure-Ile, wani ƙauye kusa da Owo, cikin jihar Ondo ta yanzu. Ya gama firamare yana son ya wuce gaba, hali bai yi ba. A 1942, yana ɗan shekara 16, Turawan mulkin mallaka na ta neman matasa saboda Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya je ya ba da sunansa. Aka ba shi horo a ɓangaren jinya, aikinsa kula da waɗanda aka raunata. Ka ga ke nan ba ma mai harbi ba ne.

A 1943 aka zuba su a jirgin ruwa tare da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, kuma Hausawa na da yawa a ciki. Suka zagaya ta ƙasan Afirka har Indiya, daga nan aka tura su Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar, domin su kara da sojan Japan a kwarin kogin Kaladan. Daji ne mai duhu da tsaunuka, babu hanyar mota, abinci ma daga jirgin sama ake jefo musu.

Ranar 2 ga Maris, 1944, 'yan sashensu na jinya sun kwana a bakin kogin, bayan sun yi ta gangarowa a kan gora da aka ɗaɗɗaure. Da safe sai ruwan harsashi daga tsallake. Harsashi ya farfasa masa ƙafar dama, wani ya same shi a ciki. Wani likita Bature, Kyaftin Richard Brown, ya tsaya yana duba shi, Japanawa suka kama likitan suka tafi da shi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Shi kuwa Isaac, da suka ga yadda yake kwance cikin jini, sai suka bar shi, a ganinsu ba zai kai ko'ina ba.

Da sauran shan ruwa a gaba. Ya haɗu da wani da shi ma ya tsira da rauni, Saje David Kargbo, mutumin Saliyo. Mutanen ƙauyen da ke kusa Musulmi ne, daga al'ummar da yau duniya ta sani da Rohingya. Sojojin nan biyu Kirista ne, amma tsoro ya sa suka ce su Musulmi ne, Isaac ya zama Sulemanu, David ya zama Dauda. Mutanen gari suka riƙa kawo musu shinkafa da ruwa a ɓoye cikin daji.

A cikin masu kawo abincin akwai wani talakan manomi, Shuyiman. Bayan sun daɗe a daji, rauni na ruɓa, ƙuda na bi, sai ya yi abin da ba kowa zai iya ba: ya kwashe su ya kai su gidansa, inda matarsa da 'ya'yansa suke. A lokacin yankin na hannun Japanawa, kuma duk wanda aka kama yana ɓoye sojan Ingila ya san abin da zai same shi da iyalinsa. Ba yarensu ɗaya ba, ba launin fatarsu ɗaya ba, ba su da ko sisi da za su biya shi. Haka ya ci gaba da raba ɗan abin da yake da shi da su, in an ji motsin sojan Japan a ɓoye su, har damina ta zo ta wuce.

Sai a Disambar 1944, wata tara bayan harin, dakarun ƙawance suka dawo yankin suka same su da rai. Aka kai Isaac asibiti a Indiya, aka yi masa aiki, aka cire ƙoƙon gwiwar. Tun daga nan ƙafar dama ba ta ƙara lanƙwasuwa daidai ba, da ɗingishi ya yi sauran rayuwarsa.

A 1945 ya dawo gida. Mutanen Emure-Ile sun daɗe da fid da rai, tun da aka aiko cewa ya ɓata a fagen fama. Da suka gan shi tsaye, sai suka riƙa watsa masa ƙasa, don a al'adarsu in fatalwa ce za ta ɓace. Bai ɓace ba. Nan gari ya ɗauki murna.

Daga baya ya koma Legas, ya yi aikin gwamnati a ma'aikatar ƙwadago har ya yi ritaya, ya yi aure ya tara iyali. Ya zauna ya rubuta abin da ya faru da shi, aka buga littafin a Amurka a 1999. Abu ɗaya dai ya tsaya masa a rai fiye da shekara 60: bai samu ya yi wa Shuyiman godiya yadda ya kamata ba.

A 2011 wani ɗan jaridar Aljazeera, Barnaby Phillips, wanda ya ci karo da rubutun nasa a Landan, ya karɓi wasiƙar godiya daga hannunsa ya tafi da ita Bama. Ya nemo ƙauyen, ya tarar Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa da jikoki na nan, kuma ba su manta da baƙin nan biyu ba. Aka karanta musu wasiƙar, aka sha kuka. Isaac ya ji labarin da kunnensa kafin ya rasu a Nuwambar 2012.

A wannan shekarar ce rikici ya ɓarke a kan Rohingya a jihar Rakhine, a 2017 kuma sama da mutum 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangladesh. Al'ummar da ta ba ɗan Najeriya mafaka ita ce yau ke neman mafaka.

Mu da ke zaune a Agege da Sabo ta Ibadan da Fatakwal mun san yadda ake ji ranar da gari ya rikice, baƙo na neman ƙofar da za a buɗe masa. Wata rana mu ne a waje, wata rana mu ne masu ƙofar. Allah ya ba mu zuciya irin ta Shuyiman, ya kuma haɗa mu da irinsa.