John Snow: Likitan da ya haɗa littafin matattu da rasit ɗin ruwa

Idan ka ji John Snow, wataƙila zuciyarka ta tafi kan jarumin nan mai takobi na fim ɗin Turawa mai dogon zango. To, ajiye wannan a gefe. Namu na yau likita ne ɗan ƙasar Ingila da ya rasu tun 1858, kuma duk lokacin da ka ji hukumar lafiya ta ce ta gano tushen wata annoba, akwai sawun ƙafarsa a cikin aikin.

An haife shi ranar 15 ga Maris, 1813, a birnin York, shi ne babba cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa lebura ne a wurin sauke kwal. Yana shekara 14 aka kai shi Newcastle koyon aiki wajen wani likita, don a lokacin kamar koyon ɗinki ko kafinta ake fara likitanci, a ƙarƙashin maigida. Bai cika shekara 20 ba kwalara ta shigo Ingila, aka tura shi ƙauyen Killingworth ya kula da masu haƙar kwal. Daga baya ya riƙa kafa misali da irin waɗannan ma'aikata: suna yini a cikin rami, babu masai, babu ruwan wanke hannu, nan kuma suke cin abincinsu.

A 1836 ya taka a ƙafa har Landan don ƙaro karatu. Ya samu lasisin aiki a 1838, digirin likita kuma a 1844. Abin da ya fara fito da sunansa shi ne maganin sa barci lokacin tiyata, wanda ya iso Landan a ƙarshen 1846. Yayin da wasu ke zuba shi a tsumma su ɗora wa majinyaci a hanci bisa kintace, Snow ya zauna yana awo, ya ƙera na'urar shaƙa, ya yi gwaji a kan dabbobi, ya kuma shaƙa da kansa yana rubuta abin da ya ji. Shi ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom a haihuwarta ta 1853 da ta 1857.

Yanzu bari mu zo kan kwalara. Manyan likitocin zamanin sun tsaya a kan cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta, wato warin kwata da na shara. Kada ka yi musu dariya, domin unguwannin da suka fi ɗoyi su ne kuwa suka fi mutuwa. Snow ya duba ta wata fuskar: cutar da ke farawa da amai da gudawa, ai ta baki ta shiga. Ya wallafa wannan ra'ayi a 1849, aka karanta, aka ɗaga kafaɗa. Hujja ake so, shi kuma bai da ita tukuna.

Hujjar tana nan, sai dai a rarrabe take. Tun 1837 Ingila ke rajistar duk wanda ya mutu, kuma a babban ofishin rajistar akwai William Farr, wanda ke tattara sanadin mutuwar mutanen Landan mako-mako. Farr kansa ya fi karkata ga batun iska, amma bai hana Snow bayanai ba. Wannan littafi ɗaya ke nan: wa ya mutu, a wane gida. Littafi na biyu, wato wane ruwa gidan ke sha, babu wanda ya ajiye shi kusa da na farkon. Aikin da Snow ya yi shi ne haɗa su, abin da masana a yau ke kira haɗa bayanai.

Labarin da ya fi shahara shi ne na titin Broad, a unguwar Soho. Daga 31 ga Agusta, 1854, cikin kwana goma mutum sama da 500 suka mutu. Snow ya karɓo jerin mamata daga ofishin rajista, ya bi gida-gida, ya ga kusan duk suna ɗiban ruwa a famfon tuƙa-tuƙa guda. Waɗanda suka tsira ma sun ƙara masa hujja. Wani gidan gajiyayyu mai mutum 535 yana da rijiyarsa, biyar kacal suka mutu. Ma'aikatan kamfanin giya da ke kan titin ba sa shan ruwan famfon, ko ɗaya bai mutu ba. Ga kuma wata dattijuwa can Hampstead, nesa da unguwar, wadda kullum ake kai mata ruwan famfon a kwalba saboda tana son ɗanɗanonsa, ita kuwa ta mutu. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Snow da kansa ya rubuta cewa annobar ta riga ta fara lafawa kafin nan, don mutane da yawa sun tsere daga unguwar. Bai ci gyaran labarin don ya ƙara wa kansa girma ba.

Amma babban aikinsa a kudancin Landan yake. Kamfanoni biyu ke sayar da ruwa a can. Na Southwark da Vauxhall yana jan ruwansa daga kogin Thames a Battersea, inda ƙazantar gari ke kaiwa. Na Lambeth kuwa ya mayar da wurin jan nasa can sama da gari a 1852. Bututunsu suna bin tituna iri ɗaya, sai ka ga gida biyu suna jingine da juna, kowanne da kamfaninsa. Iska ɗaya suke shaƙa, talaucinsu ɗaya, ruwa ne kawai ya bambanta. Mutum wajen 300,000 ke nan aka raba gida biyu ba tare da sun sani ba.

Snow ya ɗauki adireshin kowane mamaci ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Matsalar ita ce yawancin 'yan haya ba su san kamfaninsu ba, mai gida ke biyan kuɗin. Wani wurin a binciko tsohon rasit. Inda babu, sai ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya rubuta adireshi a jiki, ya je gida ya gwada da sinadari, don ya gano gishirin da ke ruwan Southwark ya ninka na Lambeth kusan sau 40. Da aikin ya yi masa yawa ya samu wani likita ya taya shi, daga baya kuma ofishin Farr ya sa masu rajista su riƙa tambayar kamfanin ruwa idan an zo rubuta mutuwa.

Ga sakamakon makonni bakwai na farko: a cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan Southwark, mutum 315 suka mutu. A na Lambeth, 37. Ninki takwas da ɗoriya fa!

To a nan ne maganar amana ta shigo. Snow bai shayar da kowa gurɓataccen ruwa don ya gwada ra'ayinsa ba, abin da ya riga ya faru ya bi diddigi. Sai dai a bugu na biyu na littafinsa, na 1855, ya jera mamatan makonni huɗu na farko, su 334: adireshin gida, sana'a, shekaru, da ruwan da suke sha. Dalilinsa mai kyau ne, yana so duk mai shakka ya je ya tabbatar da idonsa. Amma ka sa kanka a matsayin iyalan. Ko ba a rubuta suna ba, idan aka ce tela mai shekara kaza a gida mai lamba kaza, wa ya rage a layin bai gane ba? A zamaninsa babu kwamitin da zai tsayar da shi. Ƙa'idojin Nuremberg sai a 1947 suka zo, sanarwar Helsinki kan bincike da mutane kuma a 1964.

Kada ka ɗauka cire suna ya wadatar a yau. A 1997 wata ɗalibar kwamfuta a Amurka, Latanya Sweeney, ta haɗa bayanan asibiti da aka goge wa sunaye da rajistar masu zaɓe, ta zaƙulo fayil ɗin gwamnan jihar Massachusetts. Dabara ɗaya ce da ta Snow. Wuƙar da ta yanka nama ita ce ke yanka hannu. Shi ya sa a manyan cibiyoyin haɗa bayanai ake raba aiki: masu ganin suna ba sa ganin cuta, masu nazarin cuta kuma lamba kawai ake ba su.

Snow bai ga nasararsa ba. Kwamitin gwamnati ya yi watsi da bayaninsa, har aka mayar da hannun famfon. Ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1858, bayan shanyewar jiki ta same shi, yana da shekara 45. Gajeriyar ta'aziyyar da mujallar Lancet ta buga ko ambaton kwalara ba ta yi ba, sai a 2013 ta gyara. Annobar 1866 a gabashin Landan ce ta sa Farr ya sallama cewa ruwa ne, kafin Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar a 1884.

Mu dai kwalara ba tarihi ba ce a wajenmu. A 2021 kaɗai an samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka mutu, akasari a Arewa. Gano rijiyar da ke kashe mutane yana buƙatar a rubuta wanda ya rasu da inda yake zaune, alhali mutuwa da yawa a garuruwanmu ba ta shiga kowace rajista. A ɗaya ɓangaren kuma an riga an haɗa layin wayarka da lambar NIN, akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023 da ta ba ka 'yancin sanin abin da ake yi da naka.

Saboda haka idan masu bincike suka zo unguwarku da takardar tambayoyi, kada ka kore su, amma ka tambaya: wa ya ba ku izini, wa zai ga sunana, da me za a haɗa shi? Kai kuma ɗalibi mai shirin furojet ɗin ƙarshe, ranar da ka riƙe takardun da mutane suka cika maka, ka bayyana musu abin da za ka yi da su tun kafin su rubuta, ka ɓoye sunayensu da adireshinsu, kada hotonsu ya ƙare a guruf ɗin WhatsApp na aji.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.