Jeannette Rankin: Matar Da Ta Ƙi Yaƙi Har Sau Biyu

Idan ana maganar yadda Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, sunan Shugaba Roosevelt ne yakan fara zuwa baki. Ni kuwa tarihin wata mata na zaɓa in kawo wa mai karatu, domin a ganina ta wurinta ne aka fi gane irin juyin da ƙasar ta yi. Jama'a sun sauya ra'ayi, ita tana nan inda take.

An haifi Jeannette Rankin ranar 11 ga watan Yuni, 1880, a wata gona kusa da garin Missoula na jihar Montana, a yammacin Amurka. Ita ce babba a ɗakinsu. Ta gama jami'ar Montana a 1902, ta ɗan taɓa koyarwa da aikin kula da marasa galihu, sannan ta shiga fafutukar nema wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. Jiharta ta amince da haka a 1914. Bayan shekara biyu ta tsaya takara a jam'iyyar Rifablikan ta kuma ci, ta zama mace ta farko a Majalisar Wakilai ta ƙasar, alhali yawancin matan Amurka ba su sami ikon zaɓe ba sai a 1920.

Ko kwana biyar ba ta yi a kan kujera ba, a watan Afrilu na 1917, aka kawo wa majalisa buƙatar Shugaba Wilson ta a yaƙi Jamus, saboda jiragen ƙarƙashin teku na Jamusawa suna nutsar da jiragen ruwan Amurka. Tun zamanin Washington Amurkawa suke da aƙidar nisantar rigingimun Turai, shi ya sa wakilai 50 suka ƙi, 373 suka yarda. Rankin tana cikin hamsin ɗin. Maza 49 ne suka yi abin da ta yi, amma ita jaridu suka sa a gaba. Har wasu abokan gwagwarmayarta mata sun ji haushi, suna ganin ta ba maƙiya hujjar cewa mace ba ta da ƙarfin zuciya. A 1918 ta nemi kujerar dattawa ta faɗi.

Abin mamaki, sai ƙasar ta dawo kan ra'ayinta. Sojojin Amurka fiye da 116,000 ne suka mutu a wancan yaƙi, mutane kuma suka fara tambayar ribar da aka ci. Majalisar Dattawa ta ƙi yarda Amurka ta shiga Ƙungiyar Al'ummai wadda Wilson da kansa ya yi wa fafutuka. Daga 1934 kwamitin Sanata Nye ya binciki kuɗin da masu ƙera makamai suka samu, daga 1935 kuma aka yi ta kafa dokokin 'yan ba-ruwanmu masu hana sayar wa ƙasashen da ke yaƙi makamai. A waɗannan shekaru Rankin tana zaune a wata ƙaramar gona a jihar Jojiya, ba lantarki, tana zirga-zirga zuwa Washington domin ƙungiyoyin neman zaman lafiya.

A 1940, tana da shekara 60, Montana ta sake zaɓenta. Amma a lokacin Faransa ta riga ta faɗa hannun Hitila, Ingila kuma ana yi mata ruwan bama-bamai. Roosevelt ya yi ta jan ƙasar sannu a hankali: aka kafa dokar ɗaukar samari aikin soja a watan Satumba na 1940, aka kuma yarda a ba Ingila aron makamai a watan Maris na 1941. Duk da haka masu adawa da yaƙi suna da yawa, har ƙungiyarsu ta America First ta tara dubban ɗaruruwan mambobi.

Rana ɗaya ta rushe wannan duka. Ranar 7 ga Disamba, 1941, jiragen saman Japan suka kai hari kan sansanin Pearl Harbor a tsibiran Hawai, suka kashe Amurkawa fiye da 2,400. Washegari dattawa 82 suka amince da yaƙi ba mai ja. A Majalisar Wakilai 388 suka ce e, mutum ɗaya ya ce a'a. Daga hamsin an koma ɗaya. Aka yi mata ihu a zauren, da ta fito kuma 'yan jarida suka yi mata caa, sai da ta fake a rumfar buga waya har 'yan sanda suka zo suka raka ta ofis. Ɗan'uwanta Wellington, wanda ya daɗe yana tallafa wa siyasarta, bai goyi bayanta ba. Ita kanta America First ta watse cikin 'yan kwanaki.

Shin ta yi daidai? Ni dai ban ga yadda ƙasar da aka kai wa hari har gida za ta naɗe hannu ba, kuma babu alamar Hitila zai ji lallashi. Ina jin ƙuri'arta ta 1917 ta fi ta 1941 hujja. Sai dai ta san sarai cewa kujerarta ce take jefarwa, kuma abin da ta yi wa masu zaɓenta alkawari ke nan tun wajen yaƙin neman zaɓe. Ba kasafai ake samun ɗan siyasa irin wannan ba, ko can ko nan.

Ba ta sake tsayawa takara ba. Ta yi ta tafiye-tafiye, musamman zuwa Indiya, domin koyarwar Gandhi ta burge ta. A watan Janairu na 1968, tana da shekara 87, ta jagoranci mata kusan 5,000 zuwa Washington don nuna ƙin yaƙin Biyetnam. Ta rasu ranar 18 ga Mayu, 1973, a garin Carmel na jihar Kalifoniya. A 1985 jihar Montana ta kafa mutum-mutuminta a cikin ginin majalisar da aka taɓa yi mata ihu.