Serge Koussevitzky: madugun makaɗa da ya buɗe makarantar horar da madugai

Mai koyon goge yakan shige ɗaki ya yi ta bita har hannunsa ya faɗa, haka ma mai fiyano. Amma madugun makaɗa a kiɗan Turawa, wato mutumin da ke tsayawa gaban makaɗa tamanin ko ɗari riƙe da ɗan siririn sanda yana nuna musu inda za su shiga, da saurin tafiya, da inda za a sassauta, ba shi da kayan kiɗan da zai rataya ya tafi da su gida. Kayan kiɗansa mutane ne, kuma ba a ba wa ɗan koyo aron mutum ɗari. Serge Koussevitzky ya ci karo da wannan matsala yana matashi, ya warware wa kansa ita da kuɗi, daga baya kuma ya warware wa wasu ita da makaranta.

An haife shi ranar 26 ga Yuli, 1874 a garin Vyshny Volochyok na ƙasar Rasha, a gidan Yahudawa makaɗa marasa ƙarfi. Yana da shekara 14 ya nufi Mosko, inda ya samu gurbin karatu kyauta a makarantar kiɗa ta Ƙungiyar Filharmonik, ya koyi kaɗa babban gogen nan mai kaurin murya da ake tsayarwa a ƙasa a hannun Josef Rambousek. A 1894 ya shiga cikin makaɗan gidan wasan Bolshoi, a 1901 kuma ya gaji malaminsa a shugabancin masu babban goge.

Aure ne ya sauya masa hanya. A 1905 ya auri Natalie Ushkova, 'yar wani hamshaƙin ɗan kasuwar shayi, suka koma Berlin. A can ya riƙa zuba ido yana kallon yadda Arthur Nikisch, gwanin madugan zamanin, ke tafiyar da makaɗa. Sai dai kallo ba ya sa hannu ya faɗa, don haka ya tara ɗaliban kiɗa ya mai da su ƙungiyar da yake gwaji da ita, ya shafe kusan shekara biyu a haka. A watan Janairun 1908 ya yi hayar babbar ƙungiyar makaɗa ta Berlin ɗungurungum, ya hau dandali karo na farko a matsayin madugu.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. A 1909 ya kafa ƙungiyar makaɗa tasa a Mosko, da kamfanin buga rubutaccen kiɗa da ya fitar da ayyukan Scriabin da Stravinsky da Prokofiev. Sau uku, a 1910 da 1912 da 1914, ya ɗauki makaɗansa a jirgin ruwa suna bin kogin Volga, suna kai kiɗa garuruwan da ba su saba jin irinsa ba. Bayan juyin juya halin 1917 ya jagoranci ƙungiyar makaɗan gwamnati a Petrograd, ya bar ƙasar a 1920 ya zauna a Faris. A 1924 aka kira shi Amurka ya riƙe ƙungiyar makaɗa ta Boston, ya kuwa riƙe ta shekara 25 cur.

Mutumin yana da rauni, kuma ba ɓoyayye ba ne. Rashin karatun madugu na makaranta ya bi shi har girma. Karatun rubutaccen kiɗa mai sarƙaƙiya yakan ba shi wahala, shi ya sa yakan ɗauki mai fiyano ya yi ta kaɗa masa aikin yana bita da sanda. Nicolas Slonimsky na cikin waɗanda suka yi masa wannan aiki. Makaɗa sun sha kukan cewa alamar hannunsa ba ta fita sarai, ga faɗa da mulkin mallaka a wurin bita. Duk da haka zaƙin sautin da ya fitar daga makaɗan Boston ya zama abin kwatance a duniya. A ganina wanda ya sha wuyar koyo irin wannan ya fi kowa sanin abin da ɗan koyo ke buƙata.

A yammacin jihar Massachusetts, kusa da garin Lenox, akwai wani fili mai suna Tanglewood da aka ba makaɗan Boston kyauta, suka fara wasan bazara a wurin a 1937. A nan Koussevitzky ya buɗe Cibiyar Kiɗa ta Berkshire a watan Yulin 1940, da ɗalibai kimanin 300, karatun mako shida. Aaron Copland da Paul Hindemith ne ke koyar da tsara kiɗa, manyan makaɗan Boston na zama da matasa masu irin kayan kiɗansu, shi kuma ya riƙe ajin madugai da kansa.

Dabarar tsarin tana cikin ƙungiyar makaɗan ɗalibai. Da ita ake jifar tsuntsu biyu da dutse ɗaya: matasan makaɗa na koyon zama cikin taro da sauraren juna, 'yan koyon madugu kuma na samun mutane na gaske da za su tsaya a gabansu. Ɗalibi zai hau dandali ya ɗaga sanda, in alamarsa ta rikice nan take kiɗan zai wargaje kowa na ji, malam na gefe ya tsai da shi ya gyara masa. Ƙwararrun makaɗa kan rufa wa madugu asiri, su bi abin da suka sani ko da hannunsa ya kauce. Ɗalibai kuwa abin da aka nuna musu shi suke kaɗawa, saboda haka kuskuren madugu ba ya samun maɓoya. Koussevitzky bai tsaya ga hannu kaɗai ba, har yadda ake fitowa dandali da yadda ake tsayuwa da irin tufafin da za a sa yana sa wa ido.

Madugan da ya ɗauka a shekarar farko ba su da yawa, cikinsu akwai Lukas Foss da Thor Johnson da wani saurayi ɗan shekara 21, Leonard Bernstein. Shaƙuwarsa da Bernstein ta zama kamar ta uba da ɗa. Ya mai da shi mataimakinsa a 1942, har ya ba shi shawarar ya sauya sunansa na Yahudawa don gudun wariya, saurayin ya ƙi. Ranar 14 ga Nuwamba, 1943, da rashin lafiya ta hana Bruno Walter fitowa, Bernstein ya maye gurbinsa a gaban makaɗan Filharmonik na New York ba tare da bita ba, aka wayi gari sunansa ya cika Amurka.

Shekarar 1942 ta gwada shi. Matarsa Natalie ta rasu a watan Janairu, yaƙin duniya na biyu kuma ya sa aka soke wasan bazara na manyan makaɗa. Koussevitzky ya ɗauki nauyin cibiyar da kansa don kada a rufe ta a wannan shekara. Ranar 14 ga Agusta ya jagoranci ɗalibai suka kaɗa simfoni na bakwai na Shostakovich, wanda aka tsara a kan ƙawanyar da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad. Toscanini ya riga shi kaɗa shi ta rediyo a watan Yuli, amma a gaban taron 'yan kallo a Amurka ɗaliban ne suka fara. A shekarar ce kuma ya kafa gidauniya don tunawa da matarsa, wadda ta biya kuɗin tsara sababbin ayyuka, ciki har da wasan waƙa na Benjamin Britten mai suna Peter Grimes. Cibiyar ta tsaya daga 1943 zuwa 1945, da ta dawo a 1946 ɗalibanta ne suka fara nuna wasan a Amurka, Bernstein na riƙe da sanda.

Ya so Bernstein ya gaje shi a Boston, amma hukumar ƙungiyar ta zaɓi Charles Munch, wanda ya kama aiki a 1949. Koussevitzky ya ci gaba da riƙe cibiyar har ya mutu a Boston ranar 4 ga Yuni, 1951, aka binne shi a Lenox. Bernstein ne ya karɓi ajin madugai a wannan bazara. A shekarun da suka biyo baya Claudio Abbado da Zubin Mehta sun ratsa ta ajin a 1958, Seiji Ozawa kuma a 1960, wanda daga bisani ya riƙe makaɗan Boston shekara 29.