Carroll Shelby, Mai Kiwon Kajin Da Ya Ƙera Motar Cobra

Duk ma'aikacin da ya taɓa karɓar bashin mota ya sayi ta hannu, da duk direban da ke jigilar 'yan kasuwa daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ran Alhamis, ko mai bi ta Zurmi ya faɗa Jibiya, ya san abin da akan fara dubawa kafin a ƙirga kuɗi. Akan sa makaniki ya goge maiƙo, ya karanto lambar da aka buga a jikin shasi, a gwada ta da wadda ke rubuce cikin takardun motar. In sun dace a yi ciniki. In kuwa sun saɓa, mai saye ya san wahala na jiransa a hannun 'yan kwastan da 'yan sanda. To, a ƙasar Amurka akwai waɗansu tsofaffin motoci waɗanda wannan 'yar lamba ita kaɗai ke raba motar da za a saya dala dubbai da wadda za a saya fiye da dala miliyan. Mutumin da sunansa ya fi fitowa in ana wannan magana shi ne Carroll Shelby, wanda ya ƙera irin waɗannan motoci da yawa, daga baya kuma ya sami kansa cikin rigimar lambobinsu.

An haifi Carroll Hall Shelby ran 11 ga watan Janairu, 1923, a wani ƙauye da ake kira Leesburg cikin jihar Teksas. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne mai rarraba wasiƙu a karkara. Tun yana ɗan shekara bakwai likitoci suka gane yana da ciwon zuciya, saboda haka ya yi wani babban yanki na ƙuruciyarsa a kwance. Da ya tasa ciwon ya lafa, har ya gama makarantar sakandare a birnin Dallas cikin 1940, ya shiga sojan sama cikin 1941. Bai je fagen fama ba a Yaƙin Duniya na Biyu. A gida aka bar shi yana koya wa waɗansu tuƙin jirgi.

Da yaƙi ya ƙare ya taɓa sana'o'i iri iri. Ya yi harkar motocin tifa, ya yi lebura a rijiyoyin man fetur, sa'an nan ya koma kiwon kaji. Zubin farko ya ci riba, a na biyu annoba ta faɗa wa kajin suka mutu, ya karye. Cikin wannan hali ne, a shekarar 1952, wani abokinsa ya ara masa ƙaramar mota ƙirar MG ya shiga tsere, ya kuwa zo na ɗaya. Wata rana zafi ya hana shi sauya tufafi, ya shiga tsere da kayan aikin gona a jikinsa. Da ya ga 'yan kallo da masu ɗaukar hoto sun fi kula da kayan nan, sai ya mai da su alamarsa. Tun daga nan ake iya gane cewa mutumin ya san yadda ake talla.

Cikin 1954 ya yi mummunan haɗari a wani dogon tsere a ƙasar Meziko, ya ragargaje gwiwar hannu. Bai jira ya warke ba, ya koma tsere ana ɗaure masa hannun a jikin sitiyari. Mujallar Sports Illustrated ta zaɓe shi gwanin direbobi na 1956 da na 1957. Babbar nasararsa ta zo cikin watan Yuni na 1959, sa'ad da shi da wani Baturen Ingila, Roy Salvadori, suka ci tseren Le Mans na ƙasar Faransa cikin mota ƙirar Aston Martin. Wannan tsere awa 24 ake yinsa ba tsayawa, dare da rana, direbobi suna karɓar juna. Amma ciwon zuciya ya dawo. Cikin 1960 da ƙwayar magani ƙarƙashin harshe yake tuƙi, a ƙarshen shekarar kuma ya ajiye tsere, yana da shekara 37.

Ba shi da jari, ba shi da masana'anta. Abin da yake da shi dabara ce guda, watau a sami ƙaramar mota mara nauyi irin ta Ingila a ɗora mata ƙaton inji irin na Amurka. Cikin 1961 ya ji labari cewa kamfanin AC Cars, da ke Thames Ditton kusa da Landan, ya rasa mai ba shi inji domin motarsa mai suna Ace. A daidai lokacin kuma kamfanin Ford ya fito da sabon inji mai fulogi takwas wanda ba shi da nauyi ƙwarai. Shelby ya rubuta wa AC, ya je ya ga mutanen Ford, ya haɗa su. Cikin watan Fabrairu na 1962 aka sauke motar farko daga jirgin sama a Los Angeles ba inji, aka kai ta garejin wani abokinsa, Dean Moon, aka ɗora mata injin. Ya raɗa mata suna Cobra, watau gamsheƙa. Lambar shasinta CSX2000.

A nan ne ya yi wata dabara da har yanzu ake ba da labarinta ana dariya. Mota ɗaya tak gare shi, ga kuma mujallu da yawa suna so su gwada ta. Sai ya riƙa sake mata fenti, wannan mujalla ta ɗauke ta da launi kaza, waccan ta ɗauke ta da wani, masu karatu suka ɗauka an riga an ƙera da yawa. Odoji suka shigo, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Daga 1962 zuwa 1967 an ƙera Cobra wajen dubu ɗaya. AC ke yin shasi da bodi a Ingila, kamfanin Shelby American kuma ya sa inji a Kalifoniya. Masu ƙaramin inji lambobinsu na cikin jerin CSX2000, masu babban inji, wanda ake kira 427, na cikin jerin CSX3000. Injin 427 lita bakwai ne. Mai karatu ya kwatanta da Peugeot 504 wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, wadda injinta bai wuce lita biyu ba, alhali ta fi Cobra girman jiki. Cikin 1965 motocin Shelby suka karɓe kambin duniya na ajinsu daga hannun kamfanin Ferrari na Italiya. Ford ya danƙa masa motarsa ta tsere, GT40, ƙungiyarsa ta ci Le Mans da ita cikin 1966 da 1967. Tsakanin nasarorin nan biyu ya yi babban rashi, domin amininsa Ken Miles, wanda ya fi kowa gyara motocin nan, ya mutu wajen gwajin mota cikin watan Agusta na 1966.

Lee Iacocca, ɗaya daga manyan Ford, ya roƙe shi ya ƙara wa motar Mustang ƙarfi. Daga nan aka sami GT350, wadda aka yi guda 562 cikin 1965, sai GT500 cikin 1967. Zamanin nan ne Amurkawa suka haukace a kan abin da suke kira motoci masu ƙwanji, irin su Pontiac GTO da Dodge Charger. Yayin bai daɗe ba. Kuɗin inshora ya hau, gwamnati ta kafa dokokin rage hayaƙi, tsadar fetur ta 1973 kuma ta ƙarasa shi. Shelby ya riga ya rabu da Ford kafin nan. Ya yi shekaru yana kai da komowa a ƙasashen Afirka kan harkar farauta da kasuwanci, a gida kuma yana sayar da haɗin yaji mai sunansa.

Motocin da aka saya sababbi wajen dala dubu shida suka zama kwantai, waɗansu suka ruɓe a bayan gidaje. Amma akwai masu son su tsakani da Allah, su ne suka kafa ƙungiya cikin 1975 mai suna Shelby American Automobile Club. Babban aikin ƙungiyar shi ne rajista. Kowace lamba suna bin tarihinta: ranar da ta bar masana'anta, launinta na asali, dillalin da ya sayar da ita, hannayen da ta bi, haɗarin da ta yi. Suna gwada wannan da littattafan AC da takardun tsohon kamfanin Shelby. Da farko aikin sha'awa ne kawai. Da farashi ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen shekarun 1980, sai littafin nan ya zama alƙali.

Dalili kuwa shi ne hanyoyin algus suna da yawa. Mota takan ƙone, wani ya tsira da takardunta, wani ya sayi ragowar ƙarafunanta, kowannensu ya gina sabuwa, a wayi gari motoci biyu suna da'awar lamba ɗaya. Wani kuwa lambar kaɗai zai samo ta motar da ta ɓace tuntuni, ya gina mota kacokan a kanta. Irin waɗannan masu rajista suke kira motocin iska. Game da GT350 ta farkon shekaru, ƙungiyar tana da wani makami. Kowace mota lamba biyu gare ta, ta Ford wadda aka buga a jikin ƙarfe, da ta Shelby wadda ke kan wani ɗan faranti da aka ɗora bisa ta Ford ɗin. Jerin da ke nuna wace lamba ce abokiyar wace yana hannun ƙungiyar, ba ta kuwa buga shi. Mai son saye yakan aika da lambobin biyu, a gaya masa ko sun dace ko ba su dace ba, ba ƙari. Mai buga farantin jabu ba shi da hanyar sanin ɗaya lambar.

Abin da ba wanda ya zata shi ne a ce wannan bincike zai biyo ta kan Shelby kansa. Cikin 1965, domin hukumar tseren motoci ta duniya ta amince da Cobra 427, sai an ƙera guda ɗari na tsere. An keɓe lambobi ɗari, amma hamsin da 'yan kai kaɗai aka ƙera, sauran lambobin suka zauna ba motoci. A farkon shekarun 1990 Shelby ya ba da sanarwa zai ƙarasa sauran, kowace a kan dala dubu ɗari biyar, aka kuma ba mutane su fahimci cewa ragowar shasin 1965 ne da aka ajiye za a yi aiki da su. Cikin 1993 jaridar Los Angeles Times ta buga cewa ofishin rajistar motoci na Kalifoniya ya ba shi takardun mallaka na maye guda 43, irin waɗanda akan ba mutumin da takardarsa ta ɓace. Kamfanin AC ya ce bai taɓa ƙera shasi masu waɗannan lambobi ba. Shelby ya amsa cewa wani kamfani ne a garin Torrance ya ƙera su cikin 1991 da 1992.

Masu goyon bayansa suna da hujjarsu. Lambobin nasa ne, shi ne mai sunan, in bai isa ya ce wannan Cobra ce ba, wa ya isa? Ga shi kuma a lokacin yana cikin rigima da mai kamfanin AC a kan wa ke da ikon ƙera motar. Amma hujjar ba ta kai ba. Wanda ya biya dala dubu ɗari biyar shekara ya saya, ba ƙarfe ba, ƙarfen 1991 kuwa ba ya zama na 1965 don an buga masa tsohuwar lamba. Akwai kuma maganar doka, domin motar da aka yi wa rajista a matsayin ta 1965 ba ta shiga ƙarƙashin dokokin hayaƙi da na kiyaye haɗari da suka zo daga baya. Kaɗan ne aka kammala cikin motocin. Daga baya ya bi hanyar da ba ta da ƙura, ya buɗe sabon jerin lambobi, CSX4000, yana sayar da sababbin Cobra a matsayin sababbi.

Ya yi sauran rayuwarsa yana yawan shiga kotu. Ya yi ƙarar kamfanonin da ke kwaikwayon surar Cobra, waɗanda motocinsu sun ninka na ainihi sau da yawa. Ya tsare sunansa, amma bai sami ikon mallakar surar motar shi kaɗai ba. Cikin 2008 har ƙungiyar masu rajistar ya yi wa ƙara a kan amfani da sunansa da tsofaffin takardun kamfaninsa, mutanen da suka yi shekara talatin suna tsare darajar motocinsa kyauta. Sun sasanta, ƙungiyar ta ci gaba da aikinta.

Ciwon da ya same shi tun yana yaro bai kashe shi da wuri ba. An dasa masa sabuwar zuciya cikin 1990, cikin 1996 kuma ɗansa ya ba shi ƙoda. Zaman da ya yi a asibiti yana jiran zuciya, yana ganin yara masu irin ciwonsa, shi ya sa ya kafa gidauniya cikin 1991 domin taimakon yaran da iyayensu ba su da halin biyan kuɗin aiki. Ya yi aiki da kamfanin Chrysler cikin shekarun 1980, ya kuma koma Ford da tsufansa, aka sake fito da Mustang mai sunansa. Ya mutu a birnin Dallas ran 10 ga watan Mayu, 2012, yana da shekara 89.

Motar nan ta farko, CSX2000, wadda ya riƙa sauya wa fenti, bai taɓa sayar da ita ba, ko a shekarun da ya shiga matsi. Cikin watan Agusta na 2016 magadansa suka kai ta gwanjo a Monterey ta Kalifoniya, da shuɗin fentinta da ya ƙoƙe da kujerunta yagaggu, ba a gyara kome ba. An saye ta dala miliyan 13 da dubu 750, kuɗin da a lokacin ba a taɓa biya a gwanjo a kan wata mota ƙirar Amurka ba.